Yadda Ake Fara Zuba Kuɗi a Gidan Haya a Birnin Kebbi da Kewaye

Gidan haya dukiya ce da ba ta gaggawa. Wanda ke son kuɗinsa su juya cikin wata shida, gara ya sayi shinkafa shanshera da kaka ya ajiye, ko ya nufi kasuwar Jega. Gida kuwa yana ɗaukar shekaru kafin ya mayar maka da abin da ka zuba, amma in ka yi shi bisa ƙa'ida zai ci da kai, ya ci da 'ya'yanka. Na saya, na gina, na kuma kula da gidajen 'yan'uwa da ke zaune a wasu garuruwa, kuma abin da nake fara gaya wa duk mai son shiga harkar shi ne: ka san wanda zai zauna a gidan da abin da zai iya biya, tun kafin ka je duba fili.

Abubuwan da za ka tanada

Kuɗin da ba na abincin gida ba, ba na makarantar yara ba, ba kuma na bashi mai ruwa ba. A cikinsu ka ware aƙalla kashi 15 cikin 100 da ba za ka taɓa ba sai wani abu ya taso, domin zai taso.

Littafi guda na wannan harka kaɗai, da littafin rasit mai kwafi biyu, da jakar ajiye takardu. Wayarka ma kayan aiki ce: duk takardar da ta shigo hannunka ka ɗauki hotonta.

Sai mutane. Lauya da ya saba da sha'anin filaye, safiyo mai rajista, magini da ka ga aikinsa na shekarun baya da idonka, da dattawa biyu da za su tsaya maka shaida. Dillali yana da amfani wajen nemo wuri, amma ka tuna la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka ba shi ne zai gaya maka aibin gida ba.

Mataki na 1: Zaɓi ɗan hayarka

Masu kama haya a jihar nan ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane rukuni da irin ɗakin da yake nema.

Akwai ma'aikata. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi ke cika da ma'aikatan jiha da na tarayya, da na asibitoci irin su Sir Yahaya, da na bankuna, da jami'an tsaro. Mai iyali a cikinsu yana son gida mai ɗaki biyu da falo, da ƙofarsa shi kaɗai, da ɗan tsakar gida da matarsa za ta sake. Irin waɗannan suna daɗewa, kuma ba su cika lalata wuri ba. Su ne ake nema wa gida a shiyoyi irin su Gesse, Badariya, Bayan Kara da Gwadangaji.

Akwai ɗalibai: na Jami'ar Tarayya da ke da mazauninta a Kalgo, na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, na jami'ar jiha da ke Aliero, na kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da na jami'ar noma ta Zuru. Su ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki suke so, kusa da makaranta, da ruwa. In aka lissafa ɗaki-ɗaki, hayarsu takan fi ta mai iyali kawo kuɗi, sai dai gyara ya fi yawa, kuma akwai haɗarin yajin aiki. A 2022 jami'o'in tarayya sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda duk jarinsa ke kan ɗakunan ɗalibai ya ji jiki a shekarar.

Akwai kuma sababbin ango da amarya masu neman ciki da falo, da 'yan bautar ƙasa da ba sa wuce shekara, da 'yan kasuwa masu neman shago. Ga mai farawa, ni ciki da falo nake zaɓa masa, ko shaguna a bakin titi mai mutane. Masu nemansu ba sa yankewa, kuma idan ɗaya ya tashi sauran suna nan suna biya. Ƙaton gida guda mai tsada, ranar da ɗan hayar ya tashi, kuɗin shigarka duka sun tsaya.

Ka taka da ƙafarka ka shiga shiyar da kake so. Ka tambayi masu zaune a haya nawa suke biya, kada ka tsaya ga abin da masu gidaje ko dillalai suka faɗa. Ka ƙirga gidajen da aka rubuta wa lambar waya a bango ana neman mai shiga. In suna da yawa, wurin ya ƙoshi.

Mataki na 2: Yi lissafi a takarda

A nan yawancin masu farawa suke tsallakewa, alhali aikin rabin sa'a ne. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don bayani kawai, kai sai ka sa na shiyarku.

A ce fili da gini da takardu sun ci naira 12,000,000, ka samu ciki da falo guda 4, kowanne ana biyan 200,000 a shekara. A baki 800,000 ke nan. Amma ka cire 100,000 domin da wuya shekara ta ƙare ba a samu ɗaki ɗaya ya yi watanni babu kowa ba. Ka cire wani 100,000 na gyara: fenti, famfo, kwashe masai, kwano mai yoyo. Abin da ya rage 600,000. Raba 12,000,000 da 600,000, ya ba ka shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo, wato kashi 5 cikin 100 a shekara.

Kashi 5 kaɗan ne a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Abin da ke cike giɓin shi ne darajar filin da ginin suna tashi tare da farashin kaya, kuma haya ma ana ƙara ta lokaci-lokaci. Saboda haka riba biyu ce a gidan haya, ta shekara-shekara da ta ranar sayarwa, kuma ta biyun tana rataye ne da kyawun wurin da ingancin takarda. A ganina, in lissafi ya nuna fiye da shekara 20, ka nemi ragi ko ka canza tsarin ginin. In ya sauko ƙasa da 15, wuri ne mai kyau, sai ka binciki dalilin arahar.

Wannan lissafin ne kuma ke nuna dalilin da ya sa bashin banki mai ruwa ba ya haɗuwa da gidan haya. Ban da haramcin kuɗin ruwa, ruwan da bankunan kasuwanci ke ɗorawa ya ninka abin da haya ke kawowa sau da yawa. In dole sai ka nemi tallafi, ka tuntuɓi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ka karanta sharuɗɗansu da natsuwa, ka sake buga lissafin da nasu kason a ciki.

Mataki na 3: Duba wurin, da damina in zai yiwu

Filin da ka gani a watan Maris ba shi ne filin da za ka gani a watan Agusta ba. Birnin Kebbi na bakin fadama, haka Argungu, kuma Yauri na bakin Neja. Ambaliyar 2020 ta nuna wa mutanen jihar nan inda ruwa ke iya kaiwa. In ba za ka iya jiran damina ba, ka duba gindin katangun maƙwabta: ruwa yana barin zane a jikin bango, da gansakuka, da filasta mai ɓarewa. Ka tambayi tsofaffin shiyar ta ina ruwa ke bi idan an yi mamako. Ka guji bakin kwazazzabo, da tsohon kududdufi da aka cike da shara, da ƙarƙashin manyan wayoyin wuta.

Ka duba hanya: mota na iya shiga har ƙofa? Ka tambayi zurfin rijiyoyin maƙwabta da ko suna ƙafewa da bazara. Ka nemi sanin taransifomar shiyar, ko tana aiki, ko an daɗe ana karo-karon gyaranta. Ka koma wurin da dare sau ɗaya ka ga yanayin tsaro da irin masu zama a lungun. A garuruwan da matsalar tsaro ta taɓa, kada arahar fili ta ja ka zuwa bayan gari inda ba mai yarda ya kwana.

Mataki na 4: Takarda kafin kuɗi

Wannan ne matakin da in aka yi sakaci a cikinsa, sauran duka sun tashi a banza, don haka zan daɗe a kansa.

Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama da amfani ne, wanda takardar shaidar mallaka ta gwamnati, wato C of O, ke tabbatarwa, galibi na shekara 99. Filayen da ba na cikin birni ba kuwa ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu. Dokar ta kuma ce mai C of O ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna. Ma'ana, karɓar takardar mai sayarwa ka jefa a akwati bai wadatar ba, sai an bi an mayar da ita sunanka.

Ga yadda za ka bi. Ka karɓi kwafin duk takardun da mai sayarwa ke da su. Ka ba lauyanka ya je ofishin filaye na jiha a binciko fayil: sunan wa ke kai, ko an jinginar da wurin a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa, ko gwamnati ta ware wurin don hanya, makaranta ko kasuwa. Ka kawo safiyo ya auna a gabanka ya nuna maka turakun iyaka, domin filin da aka ce maka ƙafa 50 da 100 ne yakan koma 45 da 90 idan aka ja igiya. Ka kira maƙwabtan ɓangarori huɗu su tsaya lokacin awon.

Idan filin ba shi da takardar gwamnati, sai ta mai unguwa ko hakimi, ba lallai ka fasa ba, haka yawancin filayen tsofaffin shiyoyi suke. Amma ka bi asalinsa: wa ya sayar wa wa, har zuwa mai gonar farko. Ka je wurin mai unguwa da kanka, ban da rakiyar dillali. Da an gama ciniki ka fara neman takardar gwamnati, kada ka bari sai ka gama gini.

Gidan gado yana da nasa haɗarin na daban. Mutum ɗaya daga cikin magada, ko da shi ne babban wa, ba shi da ikon sayar da abin da ba a raba ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko sa hannun kowane magaji, har da mata da waɗanda ke aure a wani gari, da waliyyin marayu. Ka sani kuma a fiƙihun Malikiyya akwai shuf'a: in abokin tarayya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin su karɓe. Mutane da yawa sun gina, sun zuba 'yan haya, sannan wata 'yar marigayi da ba a shawarta ba ta kai ƙara, kuma gaskiya tana gefenta.

Ranar biya, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda. Kada ka tura wa dillali, kada ka ƙirga tsaba a zaure. A rubuta yarjejeniyar ciniki da girman fili, da iyakokinsa, da kuɗin, kowa ya sa hannu da shaidunsa. La'adar dillali a yanke ta tun kafin ciniki, a kuma fayyace wa zai biya. Washegari ka kafa alama: ko ka zagaye da bulo layi uku, ko ka zuba yashi da dutse. Filin da aka bari fayau shi ake sayarwa sau biyu.

Mataki na 5: Gini ko gyara

Kafin a haƙa fandisho, ka kai zanen ginin hukumar raya birane ta KUDA a amince. Kuɗin izini kaɗan ne idan aka gwada da jan fenti a bango da umarnin rushewa.

Gidan haya ana gina shi don ƙarfi da sauƙin gyara. Kada ka kashe kuɗi kan adon silin da fitilu masu launi, ɗan haya ba zai ƙara maka ko sisi a kansu ba. Ka zuba kuɗin a wurare huɗu.

Na farko tushe. A ɗaga daɓen gidan ya fi titi tsawo, domin titi yana tashi duk lokacin da aka gyara shi, gida kuwa yana nan inda yake. A zuba maganin gara kafin a yi daɓe.

Na biyu bulo. In kai za ka buga, buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 30 na inci tara, a yi ta ba shi ruwa har mako guda. In saya za ka yi, ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka saki. Wanda ya watse ya zama gari, ka bar gidan bulon nan.

Na uku rufi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kuma iskar farkon damina ita ke yaye kwano. A ɗaure katakon rufi da rodi ko langa-langa a jikin bulo, a ɗaga gini ya rufe bakin kwanon, a kuma yi wa bangon gabas filasta mai kauri. Saboda zafin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40, ka ɗaga tsawon ɗaki, ka sa silin, ka yi taga biyu masu fuskantar juna. Ɗakin da ba ya shan iska shi ke fara zama babu kowa.

Na huɗu ruwa da bayan gida. Tsakanin rijiya da ramin masai a bar aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a kai 30, kuma ramin ya kasance inda motar kwashewa za ta iya isa. In ba ka da kuɗin burtsatse yanzu, ka ja bututu ka kafa tanki, ka yi yarjejeniya da maƙwabci mai burtsatse, ko a riƙa saye daga 'yan garuwa kafin ka samu hali.

Wuta kuwa, kowane sashe da mitarsa mai kati. Mita ɗaya ga gida huɗu ita ce tushen rabin rigimar gidan haya: wannan yana da firji, wancan yana da dutsen guga, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke shanyewa. In mita ba ta samu daga kamfanin wuta na Kaduna ba, ka sa ƙananan mitoci na cikin gida da ke nuna abin da kowa ya sha. Wanda ya sayi tsohon gida kuwa, ya tabbatar an biya tsohon bashin wuta kafin ya karɓi makulli.

Idan kuɗinka ba su kai ba, kada ka tayar da ɗaki takwas su tsaya a linta shekara biyar rana da ruwa na cinsu. Ka gama biyu tsaf, ka sa haya, ka haɗa kuɗin da na adashi ka ƙara biyu. Siminti da rodi ka saya daidai aikin da ke gabanka. Siminti ba ya son ajiya mai tsawo, musamman da damina, yana daskarewa a buhu. In haɗin gwiwa za ku yi da ɗan'uwa, ku rubuta kason kowa da yadda za a yi in ɗaya ya so fita, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Mataki na 6: Tantance mai shiga

Ɗaki ya yi wata biyu a rufe ya fi a sa wanda zai shekara bai biya ba. Ka tambayi mai nema aikinsa, da inda ya taso, da dalilin tashinsa, da yawan mutanen da za su zauna. Ka kira tsohon mai gidansa. Ka karɓi kwafin katin shaidarsa, ka nemi mai tsaya masa wanda aka sani a gari. Ka gabatar da shi ga mai unguwa, wannan kariya ce gare ka da maƙwabta a halin da ake ciki.

'Yan'uwa da abokai su ne suka fi wuyar sha'ani. In taimako za ka yi, ka yi shi da sunan taimako, ka cire ɗakin daga lissafi. In haya ce, a rubuta kamar ta kowa.

Mataki na 7: Rubuta yarjejeniya

Shafi biyu sun isa, da Hausa in ita ce ku duka kuka fi fahimta. A sa sunaye, da sashen da aka kama, da kuɗin haya, da ranar farawa da ƙarewa. A fayyace wa ke gyaran me: rufi, bango, rijiya da ramin masai na mai gida ne, ƙwan fitila, kan famfo, makulli da gilashin da aka fasa na ɗan haya ne. A rubuta cewa ba zai saka wani a madadinsa ba, ba zai fasa bango ko ya mai da ɗaki shago ba sai da izini. A sa kuɗin ajiya na ɓarna da za a mayar masa in ya bar wuri lafiya. Ku zagaya tare ku ɗauki hoton kowane ɗaki ranar ba da makulli.

Duk biya, rasit. In kamfani ko ma'aikata ce ta kama, za su cire kashi 10 cikin 100 na haraji daga kuɗin kafin su ba ka, sai ka nemi takardar shaidar cirewar ka adana.

Mataki na 8: Kula da gida, da abin yi in an ƙi biya

Ka riƙa leƙawa duk bayan wata uku, da sallama da sanarwa tun kafin ka zo, domin gidan naka ne amma sirrin cikinsa nasu ne. Kafin damina ka hau da kafinta a duba kwano, a share magudana. Kuɗin gyaran nan da ka cire a lissafi ka buɗe masa asusu daban. Ƙarin haya kuwa a sanar da shi watanni kafin wa'adi ya cika, kuma mai biya a kan lokaci ya cancanci sassauci, don samun irinsa ba sauƙi.

Idan biya ya tsaya, ka fara da magana, ka ji uzuri. Albashi na makara, ciwo na zuwa, kuma jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci abu ne da addini ya yi umarni da shi. In ka ga abin ya zama hali, ka sa mai tsaya masa da mai unguwa a ciki. In ya faskara, sai notis a rubuce. Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba bi shi ne wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, bayan ya cika a ƙara notis na kwana bakwai, sannan a je kotu. Ka bar lauya ya rubuta, domin kuskuren kwanan wata kaɗai na iya sa a ce ka sake daga farko. Kada ka cire ƙofa, kada ka yaye kwano, kada ka yanke ruwa ko ka watsa kayan mutum waje. Yin haka yana mai da mai gaskiya mai laifi, har a ci shi tarar da ta fi bashin.

Batun zakka, ginin da aka ajiye don haya ba a fitar masa da zakka a kan darajarsa. Kuɗin hayar ne ake dubawa, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo suna hannunka. Ka rubuta ranar da kowane kuɗi ya shigo a littafinka, ka kai wa malamin da ka amince da shi ya buga maka lissafin.